Takarda Ta Ce Lafiyarki Lau

Injin gwajin jini ba shi da suruka, ba shi da ƙane, saboda haka ba ya jin nauyin kowa. Da hantsin wata Talata ya yi ɗan ƙuginsa ya turo 'yar takarda mai tsawon yatsa. Yaya ta yage ta duba. Sha biyu da ɗigo huɗu.

Shekararta goma sha shida a lab ɗin asibitin, ta san abin da lambar take nufi. Wannan ba gwajin tsinken yatsa ba ne da mutum zai ƙi karyawa ya yaudare shi. Sukarin da ya manne wa ƙwayoyin jini yake aunawa, ya tona yadda mutum ya yi wata uku cur. Bakwai ake nema. A ƙasansa ga lamba ta biyu, kiriyatinin, wato dattin da ƙoda take tacewa daga jini. Bai kamata ya haura ɗari ba, ya kai ɗari da talatin da takwas. Jinin kuwa na matar Auta ne, matar ƙanenta, wadda suke kwana gida ɗaya, wadda ta goge mata farar rigar da ke jikinta a lokacin.

Yaya ba ta buƙatar a gaya mata dalili, don kullum da dalilin take karyawa. Firji ɗaya ne a gidan, Mama kuma ta sa masa kwaɗo tun da jikoki suka addabe ta da satar lemo. Makullin yana cikin jakarta, jakar tana hammatarta duk inda ta sa ƙafa, Mama kuwa ba ta da ranar zama: yau dubiya, gobe gaisuwa, jibi kasuwa. Matar Auta tun tana 'yar shekara tara take rayuwa da allurar insulin, sau huɗu a rana, maganin kuma sanyi yake so. In ta bar shi a firji, sai lokacin allura ya zo ya wuce makulli yana gari. In ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, ɗakin da rana take dukansa tun azahar, sai zafi ya kashe shi, ta yi ta tsira wa cinyarta ruwan banza. A haka take dafa wa baki goma sha ɗaya abinci, ta yi wanki, ta kuma yi jinyar Baba, wanda rabin jikinsa ya shanye shekara biyu ke nan.

Yaya ba ta shigar da sakamakon a kwamfuta ba. Ta cusa 'yar takardar a aljihu, da yamma ta sami Mama a falo tana tsinke zare a bakin mayafi.

"Mama, jinin yarinyar nan bai yi kyau ba. Likita ya ce in ya wuce goma zai kwantar da ita, ya kuma kira mutanen gida ya ji yadda ake zaune."

"Ya ji me? Yanka ta muke yi?"

"Maganar firjin nan ce, Mama."

"Au, ni za ki gaya wa firji? Da ubanku yana tsaye da ƙafafunsa wa ya isa ya yi min maganar kwaɗo a gidana?" Ta ajiye mayafin ta zuba mata ido. "To a kwantar da ita. Wa zai juya ubanku? Wa zai wanke shi? Ke za ki ajiye aikin ki zauna? Kuma ki tsaya a gaban likitanku a ce gidan ma'aikaciyar asibiti ne mai suga take lalacewa. Ke kika san yadda kuke yi a can, ki san yadda za ki yi."

Mama ba ta ce a yi ƙarya ba, kuma har ta mutu za ta rantse ba ta ce ba. Yaya ma ba ta ce za ta yi ba. Amma washegari da ta zauna gaban kwamfuta, sai ta tuna warin ɗakin Baba da safe, ta tuna yadda likitan yake gabatar da ita ga ɗalibai da cewa hannunta bai taɓa kuskure ba. Ta danna bakwai da ɗigo huɗu. A gidan ƙoda ta danna tamanin da takwas. Ta ce wa kanta wata uku ne kawai, kafin nan za ta gyara komai a gida. 'Yar takardar injin ta kasa jefarwa, ta tura ta can ƙasan lokarta, ƙarƙashin tsofaffin safar hannu.

Ranar ganin likita Yaya ce ta raka matar Auta. Dattijo ne mai fara'a, ya duba takarda ya washe baki.

"Kai, madalla! Haka nake son gani. Ai na faɗa, wanda yake gida ɗaya da Malama ya huta."

"Likita," in ji matar Auta a hankali, "ni kuwa ina jin jikina wani iri. Ƙishirwa ba ta barina, fitsarina yana kumfa."

"Zafin gari ne, 'yata. Jininki ya fi nawa kyau. Ki ci gaba da abin da kike yi, kada ki canza komai."

Yaya tana tsaye bayan kujera, idonta a kan kalandar bango. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ƙasa ba ta tsage ba, ita ma ba ta buɗe baki ba.

Abin da ba ta hango ba shi ne abin da Mama za ta yi da takardar. Ta karɓa, ta sa aka karanta mata, ta nemo salatif ta manna ta a ƙofar firjin, daidai saman kwaɗo. Daga ranar gidan ya sami alƙali. In matar Auta ta zauna a bakin baranda tana maida numfashi, Mama ta nuna ƙofar firji da haɓa.

"Takarda ta ce lafiyarki lau. Tashi ki kwashe shanya."

In ta ce a bar ta ta ɗan ci wani abu kafin ta kai wa Baba nasa, don ta riga ta yi allura:

"Ikon Allah! Asibiti ya wanke ki, ke kin ƙi wankuwa. Raki dai ya zame miki ado."

Har jikoki suka ɗauka. In ɗayansu ya faɗi yana kuka sai sauran su ce masa takarda ta ce lafiyarsa lau, a kwashe da dariya. Yaya tana ji daga ɗakinta, ta ƙara ƙarar rediyo.

Kada a ce ba ta yi ƙoƙari ba, ta yi irin ƙoƙarin mai neman ya yi barci da daɗi. Ta roƙi Mama a yanka makulli na biyu, Mama ta ce gida ɗaya ba a shugaba biyu, Yaya ta bar maganar. Ta sayo ɗan filas mai faɗin baki ta ce a riƙa sa maganin a ciki da ƙanƙara. Matar Auta ta karɓa hannu biyu ta yi godiya, ba ta tuna mata cewa ƙanƙarar ma a bayan kwaɗo take ba. Yaya ta tare Auta wata safiya yana goge babur zai tafi shagonsa.

"Kai ba ka ganin matarka? Dubi ƙafarta."

"Ina gani, Yaya. Amma ba ku kuka auna ba? Ku kuka ce lau. Ni me na sani a harkar jini?"

"Ka yi wa Mama maganar makullin mana."

"Ni? Kin san halinta. Yanzu ta ce matata ta juya ni. Ni fa ba na shiga tsakanin mata." Ya buga babur ya bar ta da hayaƙi.

Wata uku suka cika. Inji ya ce sha uku, ƙoda ɗari biyu da goma. Yaya ta daɗe a zaune da 'yar takardar a tafin hannu. In ta rubuta gaskiya yau, likita zai tambayi yadda aka yi lafiyayyen jini ya lalace haka a wata uku, ya ce a ɗauko na baya a duba ajiyar injin. Ta danna bakwai da ɗigo shida. Abin da ya fi ba ta kunya daga baya shi ne na biyun bai yi mata wuyar na farko ba, har ta tsaya ta zaɓi lambar da za ta yi kama da gaske.

Ƙafafun matar Auta suka kumbura har takalmanta suka ƙi shiga, ta koma jan silifas ɗin mijinta. Fuskarta takan tashi a cike da safe, idanu kamar wadda ta kwana kuka. Mama ta ce ƙiba ce, hutu ya karɓe ta. Ta fara amai da sassafe, gidan ya ɗauki murna ana zaton ciki ne, da aka gane ba shi ba ne sai murnar ta koma harara. Ta fara susa, hannu da baya, har fatarta ta yi fari-fari, sai aka ware mata kofinta da cokalinta. Duk da haka ƙarfe bakwai tana ɗakin Baba, ta tallafo shi, ta juya shi, ta canza zanin gado, ta shafa masa mai a gadon baya don kada ya yi gyambo. Baba ba ya magana sosai, amma wata rana Yaya ta ga ya kama hannun yarinyar da hannunsa mai lafiya, ya danna yatsa a kumburin, ramin ya ƙi tashi. Ya ɗago ya dubi 'yarsa. Ta ce ta makara, ta fice.

A karo na uku a gida ta ɗebi jinin, don matar Auta ta ce ba za ta iya hawa matakalar asibiti ba. Suna zaune a bakin gado, an ɗaure hannu da roba, Yaya tana laluben jijiya a cikin kumburi.

"Yaya, in tambaye ki mana."

"Ina ji."

"Injin naku kuwa lafiyarsa lau?"

Allurar ta ɗan karkace a hannun Yaya. "Me kika gani?"

"Ba komai. Kin san na daɗe da ciwon nan, shekara goma sha takwas. Na taɓa yin bakwai a gidanmu, na san yadda jikin bakwai yake. Mutum yakan tashi da ƙarfinsa. Wannan ba shi ba ne."

"Duk wata ake zuwa a duba injin," in ji Yaya, kuma wannan gaskiya ne.

"To." Ta danne audugar da yatsa, ta sunkuyar da kai. "Ƙila dai ni ce. Ƙila rakin ne da gaske. Ki yi haƙuri, Yaya."

Ita ce ma take ba da haƙuri. Yaya ta fita da kwalbar jinin a jaka, tana jin ta kamar garwashi. A ranar inji ya ce ƙoda ɗari uku da arba'in. Ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska, ta dawo ta danna casa'in da biyar.

Bayan wata biyu, da hantsi, matar Auta ta sunkuya za ta ɗago Baba, sai ta zube a kansa. Ihun da ya yi da rabin baki shi ya jawo maƙwabta. Kafin a kira Yaya daga lab an riga an kwantar da ita, wata abokiyar aikinta kuma ta riga ta auna jinin. Ƙoda ɗari bakwai da wani abu. Sukarin wata uku sha huɗu.

Da azahar matar Auta ta farfaɗo. Likita ya zo da fayil a hannu, fara'ar nan babu ita. Mama tana kan kujera da jakarta a cinya, Auta ya jingina da bango, Yaya tana ƙarshen gado.

"'Yata, ki gaya min gaskiya," in ji likita. "Wata biyu da suka wuce ƙodarki ƙalau take, ga shi a rubuce, sau uku a jere. Ƙoda ba ta mutuwa haka kawai a wata biyu sai an sha wani abu. Wane jiƙo kika sha?"

"Ban sha komai ba, likita."

"Kin daina allura?"

"Ban taɓa dainawa da gangan ba."

"Yauwa, likita, tambaye ta dai," Mama ta karɓe, har da gyara zama. "Mutanen gidansu ba sa rabo da aiko mata da ƙulle-ƙulle. Mu dai iya ƙoƙarinmu mun yi. Takardunta ma a jikin firji muke manna su don murna."

"In kin ɓoye min, kanki kika cuta," in ji likita, ransa a ɓace. "Kin sami gida mai kula da ke, kin sami 'yar'uwa a lab, kin je kin kashe ƙodarki da hannunki."

Matar Auta ba ta ƙara musu ba. Ta juya fuska wajen bango, hawaye yana bin gefen hancinta, ta ce da muryar da sai an kasa kunne, "To, Allah ya sani."

Yaya ba ta san lokacin da ta fita ba. Ta bi dogon barandan asibitin, ta sauka bene, ta buɗe loka, ta ɗaga tsofaffin safar hannu. Suna nan su uku, sun ɗan yi ja saboda daɗewa, kowace da kwanan wata da lambar fayil. Da ta dawo likita yana shirin fita. Ta miƙa masa.

"Ba ta sha komai ba. Ga abin da inji ya faɗa. Wancan na fayil ni na rubuta."

Ya gyara tabarau ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, ya karanta ta uku, ya sake komawa ta farko.

"Ɗari da talatin da takwas," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Malama, kin san abin da zan yi da na ga wannan bara? Ƙwaya ɗaya zan ƙara mata, in gyara allurarta, in zauna da mutanen gidanku rabin awa. Da ƙodar nan ta kai ta shekaru masu yawa. Yanzu sai wankin ƙoda, sau uku a sati, har iya rayuwarta ko a sami dashe." Ya sa takardun a aljihu. "Ki cire rigar nan ki kai ofis. Za a neme ki."

Kafin ya fita ya tsaya a gefen gadon, ya ce, "'Yata, na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Ki yafe min."

Yana fita Mama ta miƙe, ta rungume jaka. "Ni dai ban yi boko ba. Abin da aka karanta min shi na bi. Ke da kika yi karatun, wa ya aike ki? Kin tona mana asiri a gaban bare, kin kuma kashe aikinki. Yanzu wa zai zauna da ubanku?"

Auta ya ce shi ma takarda ya bi. Ya ce zai je ya rufe shago ya dawo, ya bi bayan Mama.

Haka gidan ya watse ya bar laifin a tsakar ɗaki, kowa ya ɗage ƙafa ya tsallake shi. Mai makulli ba ta iya karatu ba, miji ba ya shiga tsakanin mata, likita fayil ya gani. Ba wanda ya taɓa dukan yarinyar nan, ba wanda ya hana ta abinci, in ka tambayi unguwa za a ce maka gidan mutunci ne. Kwaɗo ɗaya ne da lamba shida, da mutum goma da suka fi son a ce lafiyarta lau a kan ta sami lafiyar.

Yaya ta cire farar rigar ta naɗe a hannu, ta durƙusa a gefen gado. "Ki yafe min. Ban san abin da zan ce miki ba."

Matar Auta ba ta juyo ba. Da ta yi magana, babu faɗa a muryarta, gajiya ce kawai.

"Kin san abin da ya fi yi min ciwo, Yaya? Ba ƙodar ba. Kusan shekara guda ina tashi da safe jikina yana ce min ina mutuwa, ni kuma ina ce masa ƙarya kake, Yaya ta auna. Har istigfari nake yi a kan raki. Mama ba ta san bakwai ba, ba ta san sha biyu ba. Ke kin sani."

Da la'asar aka zo da keken marasa lafiya daga sashen wankin ƙoda, can ɗaya ɓangaren asibitin. Yaya ta ɗauki jakar kayanta da silifas ɗin ta bi su a baya, ba wanda ya ce ta zo, ba wanda ya ce ta koma. A bakin ƙofar sashen wata nas da ba ta san Yaya ba ta tare hanya da hannu.

"Mutum ɗaya ake bari ya shiga da ita, kuma sai ɗan'uwa." Ta sunkuya wajen mai keken. "'Yar'uwarki ce wannan?"

Matar Auta ta ɗago kumburarrun idanunta ta dubi Yaya, ta dubi rigar da ke naɗe a hannunta.

"A'a," ta ce. "Ma'aikaciyar lab ce."

Nas ta karɓi jakar da silifas daga hannun Yaya, ta ce mata an gode, ta tura keken ciki ta rufe ƙofa.